Aksil a Cikin Makara

Makarar masallacin unguwa. Tabarma biyu. Farin yadi. Matashin kai ɗaya. Igiyar rama. Turaren kwalba, an juye shi duka. Aksil na bayan Landiroba, da gangunan birkinsa biyu.

Abin da mutum huɗu suka ɗauko ke nan a kafaɗa, ranar wata Juma'a a daminar 1991, daga wani filin farfasa tsofaffin motoci a bayan Ndogbong, suna nufin unguwarsu, New Bell, a birnin Duwala.

Mahmudu ne a gaba ta dama. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana akawu a wani kamfanin jigila a Bassa kafin a sallame shi, kuma a duk shekarun nan bai ɗauki abin da ya fi jakar takardu nauyi ba. A hagunsa akwai Iro, bakanike ɗan Kano, wanda ya zo Duwala shekara uku da suka wuce. A baya 'yan dako ne biyu, an zaɓe su don ba su da surutu.

Aksil shi ne dogon ƙarfen nan da tayoyin baya ke maƙale a bakinsa biyu, mai ƙullutu a tsakiya. Da aka naɗe shi da yadi aka rufa tabarma, ƙullutun ya zama tumbi. Matsalar ita ce duka ƙarshen biyu iri ɗaya ne. Iro ya tura matashi a ƙarƙashin ɗaya, ya ce nan ne kai.

Dalilin wannan aiki ba mai tsawo ba ne. Ranar Litinin wani mai goro ya kawo saƙo daga garin Yoko cewa Iyatu, ƙanwar mahaifiyar Mahmudu, tana kwance, ta daina cin abinci, tana kiran yayarta. Mahaifiyar tasa, wadda duk unguwa ke kira Tsohuwa, ta ce za ta. Hanyar Yoko da damina ba ta biyuwa sai da mota irin Landirobar marigayi mijinta, ita kuwa wata biyar ke nan tana kan bulo a tsakar gida da karyayyen aksil.

Sannan ga ville morte, yajin da masu adawa da gwamnati suka kira. Daga Litinin zuwa Juma'a gari a mace yake: ba kasuwa, ba tasi, ba amalanke, samari sun tare kowace mararraba da tayoyi da ƙarafa. Asabar da Lahadi kaɗai ake motsi. Sai ranar Alhamis Iro ya samo aksil ɗin. In aka jira Asabar a ɗauko, a ɗaura Lahadi, Litinin an sake rufe gari, an yi asarar mako. Mai goron kuwa bai ce Iyatu tana da mako ba.

"A amalanke fa?" Mahmudu ya tambaya a lokacin.

"Jiya na ga firjin wani a kan shingen Ndokoti," in ji Iro. "Firji ma, Patron, balle ƙarfe. Abu ɗaya ne ba sa tarewa a garin nan."

Shi ya sa da sassafe suka ɗauki makara daga gefen masallaci ba tare da sun gaya wa kowa ba. Farin yadi ne ya rage, ga kantuna a rufe. Mahmudu ya san inda akwai. Shekara bakwai ke nan Tsohuwa tana ajiye da likkafaninta a ƙasan akwati, ta sayo shi a Makka, ta tsoma shi a zamzam, kuma duk wanda ya gaishe ta sai ta gaya masa ita a shirye take, kira kawai take jira. Ya zare shi tana banɗaki. Niyyarsa ya mayar kafin magariba.

A Ndokoti aka tsayar da su. Shugaban shingen wani dogon saurayi ne da hular kwano a kansa, babu babur. Yaransa suna ce masa Janar.

"C'est qui?" ya tambaya ko wane ne, yana nuna makarar da sanda.

"Kawuna ne," Mahmudu ya amsa da Faransancin ofis, mai tsabta.

"Me ya kashe shi?"

"Ya daɗe a kwance."

"An kai shi asibiti?"

"Ba a kai ba."

Janar ya cire hular kwano. Ya juya ga yaransa. "Kun ji? Ba a kai ba! Da me za a kai? Ina maganin yake? Wannan dattijo ba mutuwa ya yi ba, kashe shi aka yi!" Ya dafa kafaɗar Mahmudu, wadda ke ƙarƙashin itacen makara. "Ashiya, grand frère, sannu da haƙuri. Mu za mu raka shi har gida. Babu shingen da zai tsayar da ku."

"Kada ku wahalar da kanku."

"Haƙƙinmu ne."

Iro ba ya jin Faransanci. "Me ya ce?"

"Ya ce za su bi mu."

"Ka ce mun gode."

"Na ce."

Suka ci gaba, su huɗu a ƙarƙashi, Janar da samari shida a gaba suna buɗe hanya. Mahmudu ya yarda cewa tafiyar ta fi sauri. Kafaɗarsa dai ta daina jin komai tun kafin su bar Ndokoti.

Abin da Iro bai lissafa ba sai a Nkololoun ya fara. Nan Musulmi suka fara yawa a bakin hanya, kuma Musulmi ba ya ganin makara ta wuce ya zauna. Mutum ya miƙe, ya bi, ya sa kafaɗa ya yi taku arba'in don lada, ya ba na baya. Mahmudu ya san wannan tun yana yaro. Kawai bai taɓa tuna shi daga ƙarƙashin makarar ba.

Na farko shi ne wani Baba Amadu, dattijo siriri. Ya ture Mahmudu a hankali ya karɓa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe.

"La'ilaha illallahu! Wannan bawan Allah ya ci abinci."

"Mai jiki ne, Baba," in ji Iro.

"Ga shi gajere."

"A cure yake."

"Allah ya jiƙansa. Wane ne?"

Mahmudu ya ce ɗan'uwa ne daga Bassa. Na bayan Baba Amadu ya gaya wa na bayansa. Kafin su wuce kasuwa mamacin ya samu suna, ya zama mai gadi a wata masana'anta, ya bar 'ya'ya tara. Wani ya rantse sun yi sallar idi a sahu ɗaya.

Sai wani abu baƙi ya ɗiga daga tsakiyar makarar a kan takalmin Baba Amadu. Ya sake ɗiga. Mahmudu ya dubi Iro, wanda ya ce masa ya tsiyaye man aksil ɗin tas.

"Mene ne wannan?" dattijon ya tambaya.

"Ciwon hanta ne, Baba," in ji Iro. "A hanzarta."

Aka hanzarta.

Shirin shi ne su karya hagu a lungun da ke kafin masallaci, su faɗa gida, su rufe ƙofa. Amma da suka iso lungun babu kafaɗar ko ɗayansu a ƙarƙashin makarar. Baƙi ne huɗu, kuma baƙo ya san wuri ɗaya ne gawa ke zuwa.

"Hagu!" Mahmudu ya ce. "Jama'a, hagu!"

Kalmar shahada ta rufe muryarsa. Makara ta miƙe sosai, ta isa ƙofar masallaci daidai lokacin da aka sallame Juma'a.

Mutane ɗaruruwa suna sa takalma suka cire. Wani ya ce ga mai rabo, ya samu Juma'a. Aka ajiye makara a gaba. Sahu ya fara jeruwa da kansa, har kan titi. Mahmudu ya waiga. 'Yan dakon biyu babu su. Iro yana sahu na uku, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zo daga wani gari. Janar da yaransa suna ƙarƙashin bishiyar mangwaro, cikin ladabi, hular kwano a hannu.

Liman, Malam Isma'il, ya fito yana gyara rawani. Mutum ne mai ƙarancin magana.

"Wa ke da gawa?"

Hannaye da yawa suka nuna Mahmudu.

"Namiji ko mace?"

Mahmudu ya buɗe baki. Yi wa Janar ƙarya bai dame shi ba, ko kaɗan. Amma ya tsaya liman ya yi kabbara huɗu a kan ƙarfen mota, da jama'ar Juma'a a bayansa, wannan wani abu ne da ba a wankewa. In kuma ya faɗi gaskiya a nan, aksil ɗin zai kwana a shingen Ndokoti kusa da firji, Tsohuwa ba za ta ga Iyatu ba.

"Mahmudu, da kai nake. Namiji ko mace?"

"Allah gafarta Malam..."

"Ku ba ni hanya."

Muryar Tsohuwa ce. Labari ya riga ya shiga gida cewa ɗanta ya kawo gawar ɗan'uwa daga Bassa, ita kuwa ta san ba ta da kowa a Bassa. Ta taho da sandarta, maza suna darewa. Ba ta dubi Mahmudu ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, Akawu take ce masa, kuma yau ko Akawun ba ta ce ba.

Ta tsaya a kan makarar. Bakin yadi ya leƙo daga ƙarƙashin tabarma, da shuɗin hatimin kantin Makka a kusurwarsa. Ta daɗe tana kallon hatimin. Ta durƙusa, ta ɗaga tabarma ta wajen matashi, ta ɗaga yadin. Ganga ce ta birki, da notuna biyar.

Ta mayar da yadin. Ta mayar da tabarma, ta gyara mata zama.

"Nawa ne, Allah gafarta Malam," ta ce. "Ba a yi masa wanka ba. A kai mini shi gida."

Sahu ya ɗauki gunaguni. An sa wa mutum likkafani ba wanka?

"Aikin ɗan boko ne," in ji Tsohuwa.

Kowa ya gane. Aka yi ta girgiza kai ana duban Mahmudu da tausayi. Aka ɗauki makara, wannan karon aka karya hagu.

A tsakar gida Tsohuwa ta sallami kowa ta sa sakata. Jama'a suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Janar ma aka ba shi kujera. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa. Malam Isma'il ne da bokiti da sabulu, domin shi ke wankan maza a unguwar. Babu yadda za a hana shi shiga.

Ya yaye tabarma da hannunsa. Ya dubi aksil. Ya dubi Landiroba a kan bulo. Ya ajiye bokiti.

"Makarar wa?"

"Ta masallaci," in ji Mahmudu.

"Wa ya ba ka?"

"Babu."

"Yadin fa?"

"Nawa ne," in ji Tsohuwa. Ta ɗaga shi. A tsakiyarsa akwai baƙin tabo kamar faifai.

"Juma'a a ina ka yi?"

Mahmudu ya dubi makarar. Tsohuwa ta faɗi maganar Iyatu a taƙaice, kamar mai ba da saƙo. Liman ya saurara har ta gama.

"Mahmudu, je ka gaya wa mutanen nan. Suna zaune a rana suna jiran kabari."

"Malam, a bari a ɗaura tukuna," in ji Tsohuwa. "In yana jikin mota ba mai ɗaukarsa a ka."

Liman ya sake duban motar. Kafin ya zama liman ya yi shekara ashirin yana jan babbar mota tsakanin Duwala da arewa, abin da matasan unguwa ba su sani ba. Ya je ƙofa, ya ce wa jama'a aikin zai ɗau lokaci, a koma inuwa. Ya dawo ya cire rawani ya rataye a igiyar shanya.

"Ni ban faɗi ƙarya ba. Zuwa la'asar ke nan. Ina bakaniken?"

Iro ya diro ta katanga.

"Kai ne mai dabarar?"

"Tare muka yi, Allah gafarta Malam."

"Ka gwada juyinsa da tsohon?"

"Iri ɗaya ne."

"Ka gwada?"

Bai gwada ba. Liman ya ɗauki gawayi ya yi alama a ganga, ya yi wata a bakin da farfela, dogon ƙarfen da ke juya aksil, ke kamawa, ya juya yana ƙirgawa. Ya koma kan karyayyen da ke jingine da bango, ya buɗe cikinsa ya ƙirga haƙora. Ya ce in na baya bai yi daidai da na gaba ba, a taɓon farko motar za ta yi faɗa da kanta. Aka yi sa'a sun yi daidai. Iro ya ce ai ya faɗa.

Aka gangara da aksil ɗin ƙarƙashin mota a kan taɓaren Tsohuwa biyu. Aka ɗaga shi da jak har ya zauna a kan sifirin. Notunan da ke ɗaure shi sun yi tsatsa, aka jiƙa su da kananzir, wanda ya ƙi aka ba shi guduma. Mahmudu yana kwance a ƙasa da farar rigarsa ta Juma'a, yana miƙa sifana ba wadda aka tambaya ba.

A waje ana jin komai.

"Wane irin wanka ne da guduma?" wani ya tambaya.

"Na ce muku mai jiki ne," in ji Baba Amadu.

Aka haɗa farfela, aka haɗa bututun birki, aka zuba sabon mai. Saura fitar da iska daga birki. Mahmudu ya hau ya zauna a sitiyari, liman yana ƙarƙashi.

"Taka! Taka! Riƙe! Kada ka saki, na ce riƙe!"

A waje hira ta tsaya cak.

Da aka kira la'asar liman ya wanke hannu da sabulun da ya kawo, ya naɗa rawani, ya tura Mahmudu gaba. Tsohuwa ta zare sakata.

Mahmudu ya faɗi gaskiya. Da Hausa ya fara, ya sake da Faransanci saboda Janar. Bai tsawaita ba. Da ya gama babu wanda ya yi motsi, sai wani a can baya ya ce, "To 'ya'yan taran fa?" Dariya ta fashe daga nan, ta bi tabarmi. Wanda ya yi sallar idi da mamacin ya tashi ya tafi.

Baba Amadu bai yi dariya ba. "Allah gafarta Malam, tun daga Nkololoun nake ɗauka. Sau uku na karɓa. Ladana fa?"

"Ka yi niyya, Baba. Yana nan."

"Takalmina fa?"

"Mahmudu zai wanke."

Janar ma bai yi dariya ba. Ya mayar da hular kwano kansa. A shinge uku ya yi jawabi a kan wannan mamaci, a na ukun har wata mata ta yi kuka. Ya ce ƙarfen na gwagwarmaya ne yanzu, a kwance shi, ko kuwa motar duka ta fito titi a sa mata wuta.

Liman ya sa Mahmudu ya fassara abin da zai faɗa, kalma da kalma.

"Ka gaya masa, kuma jama'a su shaida. Aksil ya hau makara, saboda haka daga yau makara za ta riƙa hawa motar nan. Ta zama motar gawa ta unguwa. Mai ita shi ne direba, dare ko rana, har sai ta daina tashi."

Mahmudu ya tsaya a tsakiyar fassara. Tun ranar da aka sallame shi daga aiki yake tunanin motar nan: in ta tashi zai riƙa jigilar albasa da ita, ya sake zama mutum mai fita da safe. Ya dubi Tsohuwa. Tana duban likkafaninta.

Ya ƙarasa fassarar.

Janar ya yi tunani. "Har da namu?"

"Duk wanda ya mutu a unguwar nan," in ji liman.

"Amma gobe za ta Yoko. Da rayayyu."

"Za ta kai tsohuwa wajen ƙanwarta da ke kwance. Ko ka fi so a jira ƙanwar ta mutu, ta cika sharaɗin?"

Janar ya shiga tsakar gida ya zagaya motar. Iro ya tayar da ita, tayoyin baya suka juya a iska, duka biyun, zuwa gaba. Janar ya sa aka kawo fenti, ya rubuta CORBILLARD a ƙofar direba da manyan baƙaƙe, don kowane shinge ya san motar gawa ce. Rubutunsa mai kyau ne. Ya yi jami'a.

Mahmudu ya wanke makara, ya wanke takalmin Baba Amadu. Likkafanin ya wanke sau uku. Tabon ya koma ruwan toka, ya ƙara faɗi.

Da gari ya waye ranar Asabar motar tana ƙofar gida a kan tayoyinta huɗu. An ɗora jarkar mai, da taya, da ƙunshin magani, da buta. Maƙwabta biyu da suka so a rage musu hanya sun karanta ƙofar sun fasa. Tsohuwa ta fito da sandarta da wani ƙulli a hammata. Ta miƙa wa Mahmudu. Likkafanin ne, a ninke.

"Inna, zan sake wankewa in mun dawo."

"Ajiye a mota. Ka riƙa goge hannu."

Ta ƙi a taimaka mata. Ta kama ƙarfe ta hau, ta gyara zaninta, ta jawo ƙofa ta rufe da ƙarfi har gilashi ya girgiza. Mahmudu ya zagaya ya shiga.

"Akawu."

"Na'am, Inna."

"Shekara bakwai ina shirye. Na fasa. Ba inda za ni sai ka je Makka da ƙafarka ka sayo mini wani. Tayar da mota."